Yadda ake zana layin ekwasiyo da gano inda ya yanka layin x da layin y

Duk wanda ya kai ajin turwaziyam a kwalejojinmu na nan Tawa, namiji ko mace, sai ya gamu da wannan aiki: a ba shi ekwasiyo kamar y = 2x − 6, a ce ya zana layinta, ya kuma faɗi inda layin ya yanka layin x da layin y. Mai shirin BEPC ba shi da makawa sai ya iya shi, in an shiga lise kuwa ana ɗauka tuni ka ƙware. Aikin kansa ba shi da wuya. Abin da ke cinye makin yara shi ne alamar mwan (−) da ta ɓace a hanya, da ma'aunin da ba a daidaita ba, da fensir mai kaurin baki. A waɗannan wurare zan fi daɗewa.

Kayan aiki

Takarda mai ƙananan gidaje ita ce ta fi dacewa, wadda kowane gidanta milimita 5 ne a tsaye da a kwance. Gida biyu santimita ɗaya ke nan. Kaye mai manyan gidaje, irin wanda aka saba rubutu a ciki tun firamare, shi ma yana yi, amma ka san halinsa: babban gidansa milimita 8 ne, sannan akwai siraran layuka a kwance kowane milimita 2. Masu kaurin kaɗai ake ƙidayawa. Wanda ya ƙidaya sirara wajen hawa, ya ƙidaya manyan gidaje wajen tafiya dama, zanensa zai fito a danne kamar an taka shi.

Sai fensir, wanda muke ce wa kireyo, mai lamba HB, a fere shi da reza har bakinsa ya yi tsini. Sai gom mai tsabta. Bik na rubuta lissafi ne, ba na zane ba, don in ka kuskure babu gyara.

Sai regil mai santimita 20 ko 30. Regil ɗin roba da ya sha zafin rana a cikin jaka yakan lanƙwashe ba tare da ido ya gani ba. Ga yadda za ka gwada naka: ja layi da shi, ka kifa shi, ka daidaita bakin nan dai a kan farkon layin da ƙarshensa, ka sake ja. In layukan biyu sun hau kan juna, regil ɗin lafiya lau yake. In sun buɗe ciki a tsakiya, nemi wani.

Ekyar, abin fitar da kusurwa mai digiri 90, ana buƙatarta ne in takardar fara ce marar gidaje. Takardar buruyo kuwa dole ce.

In wani abu ya rasu, aiki ba ya tsayawa. Babu regil? Ninka takarda biyu, ka murje ninkin da farce, bakin ninkin nan miƙaƙƙe ne sarai; ɗora shi a kan kaye mai gidaje ka kwafi alamomin gidajen a jikinsa, ka sami abin awo. Babu ekyar? Sake ninka takardar nan, ninkin farko ya hau kan kansa daidai, kusurwar da ta fito digiri 90 ce. Mai koyarwa a babban allo da ba shi da dogon regil ya goga alli a zare, yara biyu su ja shi tsam a kan ɗigo biyu, a ɗaga tsakiyarsa a saki, zai bar layi.

Mataki na 1: tabbatar layin miƙaƙƙe ne

Ba kowace ekwasiyo ke ba da miƙaƙƙen layi ba. Dubi x da y. In kowannensu yana tsaye shi kaɗai, ko an ninka shi da wata lamba kawai, to miƙaƙƙen layi ne. In ka ga x², ko x a ƙasan firaksiyo kamar 1/x, ko x da y sun ninka juna, zanen lanƙwasa zai yi, wannan hanya ba tasa ba ce. Amma x/2 ba komai, rabin x ne kawai.

Ekwasiyon layi tana zuwa da riga iri biyu. Ko dai y = ax + b, kamar y = 2x − 6, ko kuma ax + by + c = 0, kamar 2x + 3y − 12 = 0. Za mu fara da ta farko.

Ga sunayen da za mu yi ta amfani da su. Layin da ke kwance shi ne layin x, malamai suna ce masa layin absis. Wanda ke tsaye shi ne layin y, layin ordone. Inda suka gicciye juna shi ne orijin, ana sa masa harafin O. Wurin da layinmu ya yanka ɗayansu zan kira shi mahaɗa: mahaɗar x da mahaɗar y. Kowane ɗigo yana da lamba biyu, (x, y). Ta farko tana faɗin tafiya dama ko hagu daga O, ta biyu tana faɗin hawa ko sauka. Kullum x ne a gaba.

Ɗigo biyu sun isa a kafa layi. Magini in zai fitar da katanga turaku biyu yake kafawa ya ja igiya, kuma igiyar da aka ja tsam hanya ɗaya tak take da ita tsakanin turakun. Mahaɗan nan biyu su ne turakunmu. Kada ka taɓa regil tukuna, lissafi ake fara yi a buruyo.

Mataki na 2: mahaɗar y

Duk ɗigon da ke zaune a kan layin y bai matsa dama ba, bai matsa hagu ba, wato x ɗinsa sifiri ne. Saboda haka sa 0 a gurbin x:

y = 2 × 0 − 6 = −6

Ɗigo na farko: A(0, −6).

In ekwasiyon tana cikin rigar y = ax + b, mahaɗar y ita ce b ɗin nan, tare da alamarta. A nan b mwan shida ce, ba shida ba. Alamar da ke gaban lamba tata ce, duk inda lambar ta je da ita take tafiya.

Ka kula da tarko ɗaya: wani lokaci ana juya jerin, a rubuta y = 5 − 3x. Mai gaggawa sai ya ɗauki lambar ƙarshe. To b ita ce lambar da ba ta manne da x, a nan 5 ce, a kuwa −3.

Mataki na 3: mahaɗar x

Yanzu juya abin. Ɗigon da ke kan layin x bai hau ba, bai sauka ba, y ɗinsa ne sifiri. Sa 0 a gurbin y:

0 = 2x − 6

Ƙara 6 a kowane ɓangare, ka sami 6 = 2x. Raba kowane ɓangare gida 2, ka sami x = 3.

Ɗigo na biyu: B(3, 0).

Nan ne maki ya fi zubewa. Yara da yawa sun haddace cewa in lamba ta tsallake alamar daidai sai ta canza alama, sai su riƙa yi wa kowace lamba haka. Wannan magana ta shafi lambar da aka ƙara ko aka ɗebe ne kaɗai. Biyun da ke manne da x ninkawa take yi, rabawa ce ke kwance ta, kuma alamarta ba ta canzawa. Saboda haka 2x = 6 ba ya ba da 6 − 2, ba ya kuma ba da 6 ÷ (−2). In −2x = −6 aka samu, amsar ita ce (−6) ÷ (−2), wato 3, domin mwan in aka raba shi da mwan pulus yake haifarwa. Na fi son ɗalibi ya ɗauki ekwasiyo kamar sikelin mahauci mai faranti biyu: abin da ka ɗora a wannan ka ɗora a wancan, abin da ka sauke a wannan ka sauke a wancan. Mai wannan tunani ba ya ruɗewa ko ya manta hadda.

Kafin ka wuce, mayar da amsar cikin ekwasiyon: 2 × 3 − 6 = 0. Ta zauna.

Kuskure na biyu a wannan mataki shi ne haɗa mahaɗan biyu su zama ɗigo ɗaya, a rubuta (3, −6). Wannan ɗigo ba ya ma kan layin. Ɗigo biyu ne dabam-dabam, kuma kowannensu yana ɗauke da sifiri guda.

Mataki na 4: ɗigo na uku, mai shaida

Da yawa suna tsallake wannan, ni kuwa ba na yarda a tsallake shi. Dalili: duk ɗigo biyun da ka sa a takarda, ko na daidai ko na kuskure, regil zai haɗa su ya ba ka layi mai kyan gani, babu abin da zai nuna maka ka ɓata. Na ukun ne ke tona asiri.

Zaɓi wata lamba ta x da ke ɗan nesa da waɗanda ka riga ka samu. Mu ɗauki 5:

y = 2 × 5 − 6 = 4, wato C(5 ; 4).

In kana son ka gwada lambar mwan, rufe ta da baka biyu kafin ka ninka: x = −1 yana ba da 2 × (−1) − 6 = −2 − 6 = −8. Ba −4 ba. Wanda ake bi bashin dala biyu ya sake cin bashin dala shida, dala takwas ake bin sa.

Jera sakamakon a ƙaramin tebur, x a layin sama, y a layin ƙasa: 0 da −6, 3 da 0, 5 da 4, −1 da −8.

Mataki na 5: ma'auni da shimfiɗa layukan x da y

Tun ran gini ran zane. Dubi teburinka kafin ka ja layi ko ɗaya. A nan x yana tafiya daga −1 zuwa 5, y kuma daga −8 zuwa 4. Ƙara ɗan fili a kowane gefe: x daga −2 zuwa 6, y daga −9 zuwa 5. In santimita ɗaya ce kowace lamba, kana buƙatar faɗin santimita 8 da tsawon santimita 14. Shafin ƙaramin kaye zai ɗauka, da sharaɗin ka sa O can sama-sama ta wajen hagu, tunda yawancin zanen ƙasa ya yi. Masu kafa O a tsakiyar shafi ba tare da sun duba ba su ne −8 ɗinsu ke faɗawa bayan takarda.

In tambayar ta faɗi ma'aunin da za a bi, misali ta ce repar ortonorme mai santimita ɗaya, to bi shi ba ƙari ba ragi: layukan biyu su gicciye a digiri 90, kuma tazarar lamba ɗaya ta zama iri ɗaya a kan x da a kan y. Sa O, sa I a (1, 0), sa J a (0, 1). Wannan tsari na layuka biyu masu gicciye ana danganta shi da René Descartes, masanin Faransa da ya wallafa aikinsa a kan haɗa aljabara da zane a 1637, shi ya sa za ka ji malam yana cewa repar kartaziyan.

Ja layukan a kan layukan takardar, ba a tsakaninsu ba. Sa kan kibiya a dama ga x, a sama ga y, ka rubuta sunayensu.

Wajen jera lambobi akwai kurakurai uku da ke maimaituwa kowace shekara. Na farko, a sa 1 a kan O. O sifiri ne, 1 tana taku ɗaya daga nan. Na biyu, a juya jerin mwan. −1 ce ke maƙwabtaka da O, sai −2, sai −3, ana ƙara nisa. Na uku shi ne mafi muni: ɗalibi ya ɗauki lambobin teburinsa kaɗai, 0, 3, 5, ya jera su gida-gida a jere. Daga 0 zuwa 3 taku uku ne, daga 3 zuwa 5 taku biyu. In ka ba su tazara iri ɗaya, layin da ya kamata ya miƙe zai karye, ka koma kana zargin lissafin da ba shi da laifi. A kan layi guda, taku ɗaya tsawonsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Mataki na 6: saka ɗigo da jan layi

Kowane ɗigo daga O ake fara ƙidaya shi. A(0, −6): ba dama ba hagu, sauka shida. B(3, 0): dama uku, ka tsaya a kan layin x. C(5, 4): dama biyar, hawa huɗu. Yi ƴar ƙaramar alamar gicciye, kada ka yi dunƙulen baƙi. Dunƙule mai faɗin milimita 2 ba a san inda tsakiyarsa take ba.

Ga yadda ake aza regil. Kafa bakin fensir a kan ɗigon da ya fi nisa ta gefe ɗaya, turo regil har ya taɓa fensir ɗin, sannan ka juya ɗaya gefen regil ɗin har ya kai ɗigon da ya fi nisa ta ɗaya gefen. Kafin ka ja, duba ko na tsakiya suna bakin regil. In suna nan, danne da yatsu uku ka ja sau ɗaya. In ɗaya ya kauce, kada ka karkata regil don ka raba gardama, kada kuma ka lanƙwasa layin ya bi ta kansa. Koma buruyo: ko lissafin ɗigon ne ya ɓaci, ko ƙidayar gidaje.

Layin ya zarce ɗigon farko da na ƙarshe, domin miƙaƙƙen layi ba shi da iyaka. Rubuta sunansa a gefe: (D) : y = 2x − 6. A amsarka kuma rubuta mahaɗan cikakku, A(0 ; −6) da B(3 ; 0). Muna raba lambobin da waƙafi mai ɗigo ne saboda a tsarin makarantunmu waƙafi na rabin lamba ne, (2,5 ; 0) ba ya ruɗa kowa, amma (2,5,0) ba a san inda aka raba ba.

Mataki na 7: duba da gangara

Lambar a, wadda ke manne da x, ita ce gangarar layin, malamai suna ce mata kowefisiyan direktar. Tana faɗin yawan hawa ko saukar da layi ke yi a duk taku ɗaya zuwa dama. A nan 2 ce. Daga B je dama ɗaya, hau biyu, ka isa (4, 2). Yana kan layinka? To zanen ya tabbata.

Ko da kallo ɗaya ma gangara tana kama kuskure. In a pulus ce, layin hawa yake daga hagu zuwa dama. In mwan ce, sauka yake. Ekwasiyonka tana da 2x amma layinka yana gangarowa, to wata alama ta juye.

In gangarar firaksiyo ce, kamar −3/4, lambar ƙasa ce tafiya dama, ta sama ce hawa ko sauka: dama huɗu, sauka uku. Da wannan kaɗai da mahaɗar y ana iya zana layi gaba ɗaya, hanya ce ta biyu ga mai sauri.

In ekwasiyon ta zo da ɗaya rigar

A nan ne hanyar mahaɗa ta fi daɗi, don ba sai ka ware y ba. Ɗauki 2x + 3y − 12 = 0. Fara mayar da ita 2x + 3y = 12. Rufe 2x da babban yatsa, abin da ya rage 3y = 12, y = 4, ka sami (0 ; 4). Ɗaga yatsa ka rufe 3y, saura 2x = 12, x = 6, ka sami (6 ; 0). Mai shaida: x = 3 yana ba da 6 + 3y = 12, y = 2.

Yatsan nan kada ya rufe alamar da ba tasa ba. A 3x − 4y = 12, in ka rufe 3x abin da ya rage −4y = 12 ne, y = −3. Mahaɗan su ne (0 ; −3) da (4 ; 0), kuma (8 ; 3) zai shaide su, tunda 24 − 12 = 12.

Inda mahaɗa ba su isa ba

Wani lokaci mahaɗan suna fitowa da firaksiyon da ba ya zaunuwa a takarda. A 3x + 7y = 10, mahaɗar x 10/3 ce, ta y kuma 10/7. A amsa rubuta su haka, da firaksiyonsu, don su ne na ainihi; 3,33 da 1,43 kusa-kusa ne kawai. Amma wajen zane nemi ɗigon da ke faɗawa daidai kan gicciyen gidaje. Gwada x = 1: 7y = 7, y = 1. Daga (1, 1), je dama bakwai ka sauka uku, (8, −2), ko hagu bakwai ka hau uku, (−6, 4). Da waɗannan za ka ja layin, sannan ka duba ko ya yanka layin x kaɗan bayan 3, ya yanka layin y tsakanin 1 da 1,5.

Wani lokaci kuma mahaɗan suna matse da juna. A y = 5x + 1 su ne (0 ; 1) da (−0,2 ; 0), tazararsu santimita ɗaya da ɗan kaɗan. In ɗigo biyu suna da tazarar santimita ɗaya, ka kauce da milimita ɗaya a guda, to kafin layin ya yi santimita goma kaucewar ta kai kusan santimita guda. Ɗauki na nesa, kamar (1, 6) da (−1, −4).

In b sifiri ce, kamar y = 3x, mahaɗan biyu sun zama ɗaya, O. Turke ɗaya ba ya riƙe igiya, sai ka nemo wani: (2 ; 6), da (−1 ; −3) a matsayin shaida.

Saura masu harafi ɗaya, waɗanda yara ke yawan juyawa. y = 3 na nufin ko nawa x ya zama, y uku ne: (0 ; 3), (1 ; 3), (5 ; 3). Layi ne a kwance, ya yanka layin y a 3, ba ya taɓa layin x har abada. x = −2 kuwa a tsaye yake, ya yanka layin x a −2, ba shi da mahaɗar y. In ka ruɗe, rubuta ɗigo uku kamar yadda na yi, su za su nuna maka kwanciya ko tsayuwa.

Abin da mahaɗan ke faɗi a lissafin yau da kullum

A ce gida yana da tano cike da ruwa lita 200, ana ɗiban bido ɗaya mai lita 25 kowace rana, ba a ƙarawa. In x kwanaki ne, y kuma ruwan da ya rage, to y = 200 − 25x. Sa x = 0, ka sami 200: ruwan da aka fara da shi. Sa y = 0, ka sami 25x = 200, x = 8: ranar da tano zai ƙafe. Mahaɗar y mafari ce, mahaɗar x maƙura. A rana ta uku saura lita 125.

A irin wannan ba za ka ba lita ɗaya santimita ɗaya ba, sai takardar ta kai mita biyu. An yarda layin x da layin y kowanne ya ɗauki ma'auninsa: santimita ɗaya kwana ɗaya a kwance, santimita ɗaya lita 25 a tsaye. Zanen zai zama santimita 8 kowane gefe, kuma 125 ta faɗa daidai kan santimita ta biyar. Da ka zaɓi lita 20, da 125 ta faɗa a 6,25, wurin da ke da wuyar aunawa. Rubuta ma'aunin a gefen zanen. Ka kuma tuna, tunda ma'aunan sun bambanta, gangara lambobi ake ƙidaya mata, ba gidaje ba. Layin nan kuma ba ya zarcewa: ya tsaya tsakanin mahaɗan biyu, don babu kwana mwan ɗaya, babu ruwa ƙasa da sifiri.

Ga wani daga kasuwa. Mu ƙaddara an aike ka da jikka shida, tiyar gero 600 F, tiyar wake 1000 F. In x tiyoyin gero ne, y na wake, to 600x + 1000y = 6000. Raba komai gida 200 aikin ya yi sauƙi: 3x + 5y = 30. In gero zalla ka saya, tiya 10; in wake zalla, tiya 6. Duk ɗigon da ke kan layin tsakanin (10, 0) da (0, 6) hanya ce ta kashe kuɗin cif, misali gero 5 da wake 3.

A nan akwai tarkon da ya keɓanta da mu. Da dala muke ciniki, littafi kuwa da faran yake lissafi, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Mai hatsi zai ce maka dala ɗari da ashirin, wato 600 F. In duka ka rubuta da dala, 120x + 200y = 1200, layin bai canza ba, mahaɗan suna nan 10 da 6. Amma in ka gauraya, ka rubuta 120x + 1000y = 6000, lissafi zai ce maka jikka shida ta sayi tiya 50 ta gero. Zaɓi ɗaya, dala ko faran, ka tsaya a kai har ƙarshen aikin.

Mai babbar waya yana iya sauke manhajar GeoGebra, kyauta ce, ya rubuta ekwasiyon ya ga layin. Amma sai bayan ya gama nasa da hannu, don kwatantawa. A ɗakin jarrabawa da fensir da regil zai yi zanen.

Na gwaji

Yi waɗannan a takarda mai gidaje, kowanne da mai shaidarsa, kafin ka dubi amsa.

1. y = −3x + 9
2. 5x − 2y = 10
3. x + 2y + 4 = 0
4. y = −x/2
5. 2y − 8 = 0
6. Buhun shinkafa mai kilo 50, ana dafa kilo 2 kowace rana.

Na 1: (0, 9) da (3, 0), shaida (1, 6), layin sauka yake. Na 2: (0, −5) da (2, 0), shaida (4, 5). Na 3: (0 ; −2) da (−4 ; 0), shaida (2 ; −3). Na 4 ta kan O ya bi, ƙara (4, −2) da (−4, 2). Na 5 shi ne y = 4, a kwance, ba shi da mahaɗar x. Na 6: y = 50 − 2x, mahaɗan (0 ; 50) da (25 ; 0), a rana ta goma saura kilo 30; in ka ba kwana biyar santimita ɗaya a kwance, kilo biyar santimita ɗaya a tsaye, zanen zai shiga rabin shafi.